Tuwo ko kitse: Me ya fi dacewa da mai gudun fanfalaki?

Yau magana ce ta masu gudu mai nisa da masu tseren keke, da kuma iyaye da matan da ke dafa musu abinci.

Duk mazaunin Legas ko Abuja ko Jos ko Ibadan ya san gudun safe ya zama ruwan dare, musamman ranar Asabar. Tun da aka fara gasar gudun fanfalaki ta Legas a 2016, matasanmu da dama suka ɗauki abin da gaske, har wasu na atisaye na watanni don su kammala kilomita 42 ɗin nan. Tare da wannan sha'awa sai wata muhawara ta biyo su ta cikin waya. Wani ɓangare na cewa mai gudu ya cika cikinsa da shinkafa da taliya da burodi, ya kuma riƙa shan sukari yana cikin gudu. Ɗaya ɓangaren na cewa duk wannan tsohon yayi ne, a bar sitaci da sukari kwata-kwata, a koma ƙwai da nama da kifi da man shanu har jiki ya koyi ƙona kitse. Wannan tsari na biyu shi ake kira kito.

A kantin magani tambayar kan zo mini ta fuska biyu. Akwai uwar da ke kukan ɗanta ya daina taɓa tuwo, ya rame, ga saurin fushi. Akwai kuma magidancin da ke neman garin gulukos saboda ya fara zagaya unguwa na minti 30 da safe. Dukkansu biyun an ba su rabin labari ne. Matsayina shi ne wanda ke neman sauri a gasa ba zai same shi ba sai da sitaci, amma yawan sitacin ya danganta da yawan aikin da jiki ya yi a ranar.

Kara da gungume

Jikin ɗan Adam yana da makamashi iri biyu. Na farko sukari ne, wanda ke fitowa daga duk abinci mai sitaci: masara, gero, dawa, shinkafa, doya, rogo, dankali, alkama. Jiki kan tara shi a tsoka da hanta a wani siffa da ake kira gilaikojin. Rumbun nan ƙarami ne. A jikin babban mutum bai wuce giram 400 zuwa 500 a tsoka ba, sai kimanin giram 100 a hanta, wato kalori 2,000 ko sama da haka kaɗan.

Na biyu kitse ne, shi kuwa rumbunsa ba ya ƙarewa da wuri. Siririn saurayi mai nauyin kilo 60, wanda kashi 10 cikin 100 kacal na jikinsa ne kitse, yana ɗauke da kalori sama da 50,000. Gudun fanfalaki ɗaya kan ci wa irin wannan saurayi kalori wajen 2,500. Ka ga ke nan kitsen jikinsa ya isa ya yi gudun sau 20, amma sukarinsa bai isa ko sau ɗaya ba. Shi ya sa a wajen kilomita 30 zuwa 35 za ka ga wanda ya taho da ƙarfinsa ƙafafu sun yi masa nauyi, kai na juyawa, yana jan jiki kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Rumbun sukarin ne ya yi ƙasa.

To tunda haka ne, me zai hana a koya wa jiki dogaro da babban rumbun? Wannan ita ce hujjar masu kito, kuma hujja ce mai ma'ana. Matsalar ita ce makamashin biyu ba sa ci iri ɗaya. Duk macen da ta yi girki a murhu ta san bambancin kara da gungume. Gungume zai kwana yana ci, amma idan baƙi suka yi sallama kina son ruwa ya tafasa yanzu-yanzu, kara za ki tura. Sukari kara ne, kitse gungume. Bayan haka, kafin kitse ya ba da kuzari daidai da na sukari sai ya ci iskar oksijin fiye da shi da kimanin kashi 7 cikin 100. Mai tafiya a hankali ba zai ji wannan bambanci ba, domin yana da rarar numfashi. Wanda ke gudu iya ƙarfinsa kuwa, numfashin ne jarinsa, ba shi da na asara.

Yadda muhawarar ta faro

A 1967 wasu masana a ƙasar Swidin, cikinsu har da Jonas Bergström da Eric Hultman da Bengt Saltin, suka yi wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Sun riƙa ɗebo ɗan tsokar cinya da allura suna auna sukarin da ke ciki, sannan su sa mutum ya tuƙa keken motsa jiki har ya gaza. Bayan kwanaki na cin nama da maiƙo zalla, mutanen sun gaza a cikin minti 57. Da abinci na yau da kullum sun kai minti 114. Da abinci mai yawan sitaci sun kai minti 167. Mutanen ba su canja ba, keken bai canja ba, abinci ne kawai. Shekara biyu bayan haka ɗan Ingila Ron Hill ya yi amfani da dabarar cika rumbu da sitaci ya lashe gudun fanfalaki na gasar Turai a birnin Atina, daga nan dabarar ta bazu a duniya.

Masu suka sun ce kwana uku bai isa jiki ya saba da kitse ba, kuma gaskiyarsu ne. A 1983 Stephen Phinney a Amurka ya ɗora masu tseren keke biyar a kan kito na mako huɗu, ya ga cewa a matsakaicin gudu juriyarsu ba ta ragu ba idan aka haɗa lissafinsu gaba ɗaya. Sai dai mutum biyar ne kawai, kuma sakamakonsu ya sha bamban: wani ya ƙaru sosai, wasu sun koma baya. A 2016 Jeff Volek da abokan aikinsa suka auna ƙwararrun masu gudu mai tsananin nisa su 20, suka tarar waɗanda suka daɗe a kan kito suna ƙona kitse ninki biyu da ɗoriya na abin da sauran ke ƙonawa. Wannan bincike ne aka fi yawo da shi a intanet. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba a sa su tsere an ga wanda zai riga wani ba. An auna abin da suke ƙonawa ne kawai.

Wanda ya fi kowa ɗaga muryar kito shi ne Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu, likita kuma ɗan gudu da ya yi gudun fanfalaki da wanda ya fi shi nisa sama da sau 70. Shekaru da dama yana koyar da cin sitaci, har ya rubuta shi a shahararren littafinsa Lore of Running. Daga baya ya kamu da ciwon sukari, ya sauya ra'ayi, ya ce masu littafin su yage babin abincin. Ina ganin mutuncinsa a kan wannan, domin ba kowane malami ne zai iya fitowa ya janye karatunsa a bainar jama'a ba. Amma mu lura da abin da ya tura shi: ciwon sukari ne a jikin dattijo, wanda matsalarsa daban take da ta saurayi ɗan shekara 22 mai neman lambar yabo.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na Farfesa Louise Burke a Cibiyar Wasanni ta Ostireliya da ke Kanbera, wanda aka wallafa a 2017. Ta tara ƙwararrun 'yan tseren sassarfa su 21, irin waɗanda ke zuwa gasar Olamfik, aka yi musu atisaye mai tsanani iri ɗaya na mako uku, aka dafa musu abinci ana aunawa. Wasu an ba su sitaci mai yawa kullum, wasu ana ƙara musu ana ragewa gwargwadon atisayen ranar, wasu kuma kito. Aka sa su tseren kilomita 10 kafin a fara da kuma bayan an gama. Masu sitaci kullum sun inganta lokacinsu da kashi 6.6 cikin 100, masu hawa da sauka da kashi 5.3. Masu kito sun koyi ƙona kitse ƙwarai da gaske, ƙarfin huhunsu ma ya ƙaru kamar na kowa, amma a tseren ba su ƙaru da komai ba, sai ma ɗan ja baya. Dalilin shi ne wancan da na ambata: kowane taku yana cin musu iska fiye da da. Da aka yi ta suka, sai ta sake gwajin aka wallafa a 2020, sakamakon bai canja ba.

Mu dubi waɗanda ke zuwa Legas duk shekara suna kwashe manyan kyaututtuka, wato 'yan Kenya da Habasha. Wani bincike da aka wallafa a 2004 a kan ƙwararrun 'yan gudun Kenya a sansaninsu ya nuna kusan kashi 76 cikin 100 na kuzarinsu daga sitaci da sukari yake fitowa, wajen giram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Me suke ci? Ugali, wanda ba komai ba ne illa tuwon masara mai tauri, da shinkafa, da dankali, da wake, da kabeji, da shayi mai madara da sukari. Nama kaɗan ne. Lokacin da Eliud Kipchoge ya gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Viyana ranar 12 ga Oktoban 2019, akwai masu keke a gefensa suna miƙa masa gorunan ruwan sukari tun daga farko har ƙarshe. Don haka uwar da ɗanta ya ce mata tuwo abincin ƙauye ne da ke hana gudu, ta gaya masa zakarun duniya da shi suka girma kuma ba su daina ba.

Ba na cewa kito ba shi da gurbi. Likitoci sun fara amfani da shi tun shekarun 1920 wajen yara masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, kuma har yanzu ana yi. Rage sitaci yana taimaka wa masu ciwon sukari da masu ƙiba da yawa idan akwai kulawar likita. A wasanni ma, wanda zai yi awa 12 ko 20 yana gudu a hankali zai iya amfana, domin cikinsa zai huta da ɗurar sukari. Ba'amurke Zach Bitter, wanda ya kafa tarihin gudun mil 100 a 2019 cikin awa 11 da minti 19, sananne ne da rage sitaci, amma shi kansa yana shan sukari a ranar gasa da ranakun atisaye mai zafi.

Nawa za a ci?

Lissafin da masana abincin 'yan wasa suka yi ittifaƙi a kai yana bin nauyin jiki da tsawon aiki. Mai atisayen kusan awa ɗaya a rana yana buƙatar giram 5 zuwa 7 na sitaci da sukari ga kowane kilo na nauyinsa. Mai awa ɗaya zuwa uku yana buƙatar giram 6 zuwa 10, wato giram 360 zuwa 600 ga mai kilo 60. Don ka gane girman abin, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kimanin giram 45, ayaba matsakaiciya giram 25, babban cokalin zuma giram 17. Mai kito kuwa ba ya wuce giram 50 a yini guda, abin da faranti ɗaya na shinkafa ya haura.

Ranar hutu a rage, ranar gudu mai nisa a ƙara. Magidancin da ke tattaki na minti 30 ko 45 ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Abincin gidansa ya ishe shi, ruwa kawai zai riƙe. Idan ya ƙara da gulukos ko lemon kwalba, abin da ya ƙona ne ya mayar har da riba, ga shi dama don rage tumbi ya fito.

Idan gasar za ta wuce minti 90, a cika rumbu kwana ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ranar, da giram 10 zuwa 12 ga kowane kilo, tare da rage atisaye. Wannan abinci ne mai yawa, tuwo kaɗai ba zai shiga ba, sai an haɗa da abin sha irin su kunun zaƙi da fura da shayi mai sukari. Sikeli zai nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu, kada hankali ya tashi, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe kusan giram uku na ruwa. Wannan ruwan ne kuma ke zubewa a makon farko na kito har mutum ya ɗauka kitse ya narke. A jajibirin gasa a sassauta wake da ganye da yaji da soye-soye, don kada ciki ya murɗa a tsakiyar hanya. Da asuba, awa biyu zuwa uku kafin a tashi, koko mai sukari da burodi da ayaba sun wadatar. Ƙosai ya jira a dawo.

A cikin gudun kansa, idan zai wuce awa ɗaya, ana son giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Idan zai wuce awa biyu da rabi ana iya kaiwa giram 90. Akwai wani abin sha'awa a nan. Ƙofar da gulukos ke bi ta hanji ya shiga jini ba ta ɗaukar fiye da kimanin giram 60 a awa, amma sukarin 'ya'yan itace, wato furuktos, yana da tasa ƙofar daban. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa biyun a 'yan ledojin da suke sayarwa da tsada. Sukarin shayi na gidanka rabi gulukos ne rabi furuktos, zuma da dabino ma gauraye suke. A zuba babban cokali biyar na sukari, ba a tsiri ba, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a sa kwatan ƙaramin cokali na gishiri, a matsa lemon tsami. An sami giram 60 ke nan. Garin ORS da muke ba yara masu gudawa ba zai maye gurbin wannan ba, domin gulukos ɗinsa giram 13.5 ne kawai a lita, don mayar da ruwa da gishiri aka yi shi.

Ƙwararrun masu tseren keke a Faransa yanzu suna kaiwa giram 100 zuwa 120 a awa, amma sun yi watanni suna horar da cikinsu. Wanda ya kwaikwaye su rana ɗaya, amai da gudawa zai samu. Duk abin da za a sha ranar gasa a gwada shi sau da yawa a atisaye. Ruwa ma a sha gwargwadon ƙishi, domin ɗura shi fiye da kima na iya tsinka gishirin jini, wanda shi ma yana kisa.

A watan azumi rumbun hanta ya riga ya yi ƙasa tun kafin la'asar, don haka gudu mai zafi ya fi dacewa da bayan shan ruwa.

Inda nake jin tsoro

Iyaye ku sa ido a kan 'yan mata masu gudu. Yarinyar da ke atisaye sosai kuma ta rage abinci, ko don kito ko don neman siranta, jikinta zai fara kashe wasu ayyuka don ya tsira. Alamar farko ita ce al'ada ta riƙa tsallake ko ta ɗauke. Wasu na ɗauka alamar ƙwarewa ce, alhali ƙashi ne ke lalacewa a lokacin da ya kamata ya ginu, daga nan sai tsagewar ƙashin ƙauri ko na ƙafa ba tare da an faɗi ba. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da bayani a kan wannan matsala a 2014, ya sabunta shi a 2023, inda ya nuna ƙarancin sitaci na cikin abin da ke ƙara ta. Samari ma tana kama su, ta fuskar kasala da yawan mura da raguwar sha'awa. Idan al'ada ta yi wata uku ba ta zo ba, a je asibiti. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba, ban yarda su shiga kito don wasanni ba.

Sai masu shan magani, wanda nan ne fagena. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide ko glimepiride, idan ya yanke sitaci ya kuma fita gudu ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma a titi. Gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya da ruɗewa su ne alamun, kuma maganin gaggawa shi ne ƙwayar sukari uku ko huɗu nan take, in dai yana iya haɗiya. Mafi haɗari su ne masu shan empagliflozin ko dapagliflozin. Waɗannan magunguna idan suka haɗu da kito suna iya sa jini ya yi tsami, alhali na'urar awo na nuna sukari lafiya lau. Mutum zai ji tashin zuciya, ciwon ciki, numfashi sama-sama, a ɗauka zazzaɓi ne, kuma abu ne da ke kai mutum sashen kulawa ta musamman. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari shi ma ya yi hattara, domin kito na zubar da ruwa da gishiri a makonnin farko, ga gumin gudu a zafin Legas. A wasu mutane kuma kito na ɗaga mugun kwalastarol sosai, don haka wanda ya dage sai ya yi, ya auna jininsa kafin ya fara da bayan wata biyu ko uku.

Akwai kuma ɗabi'ar haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin gudu wai don kada a ji ciwo. Jikin da ya rasa ruwa yana gudu na awa huɗu, waɗannan magunguna na iya taɓa masa ƙoda da ciki. Tramadol kuwa, ban da illarsa da muka sha magana a wannan fili, Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, wanda aka kama da shi zai iya rasa kyautarsa a kuma dakatar da shi.

Duk mai shan magani na dindindin da ke shirin sauya abinci ko shiga gasar gudu, ya tattara kwalayen magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, ya kai wa likitansa ko mai harhaɗa magunguna aƙalla wata ɗaya kafin ranar, domin gyara adadin insulin ko na maganin hawan jini yana buƙatar awo na kwanaki. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.